Turancin da Baba Ya Hana Ni

Jikata a kwance take koyon Turanci, kuma abin da ya taso mini da wannan magana ke nan. Da la'asar sai ta miƙe a kan angarib, gadon igiyar nan da ke ƙarƙashin rumfa, ta ɗora waya a ƙirji, wata mata a ciki tana karanto mata ƙananan kalmomin nan na yau da kullum masu tafiya biyu-biyu kamar takalmi, ita kuma tana maimaitawa ido a lumshe. Jiya da kunnena na ji matar ta ce "get up", yarinyar ta ce "get up", ko ɗan yatsan ƙafarta bai motsa ba. Aka ce "pick up", ta maimaita da murya mai daɗi, alhali kofin shayinta na ƙasa tun hantsi ƙudaje suna shagali a kansa. Na ce mata da Hausa ta tashi ta ɗauke, ta amsa mini da Larabci wai darasi take yi. Haka 'ya'yan yanzu suke. Ka yi musu Hausa su mayar maka da Larabcin ƙasar nan, ka tambaye su abin da suke yi su ce Turanci, kofi kuma yana nan inda yake. Raina ya ɓaci fiye da yadda kofi ya isa ya ɓata ran mutum, kuma na san dalili. Kalmomin nan da ake ɗura mata a kunne tana gyangyaɗi, su ne aka hana ni, kuma hanin ya ci mini aikin da na fi so a rayuwata.

A lokacin ina budurwa, sojoji ba su daɗe da karɓe mulki ba. Unguwarmu Kalakla ba ta cika haka ba, daga bakin ƙofarmu kana hango itatuwan bakin kogi. Abin da ke tashinmu da safe shi ne mai ruwa yana buga gangarsa da sanda, jakinsa na biye da kuka, sai ƙamshin kisra da Inna take shimfiɗawa a kan kasko, sirara kamar takarda, tana ɗagowa da yatsu ba ta ƙonewa. Ni ce mai cika randuna, ni ce mai layin burodi, ni ce mai zuwa karɓo sukarin da ake rabawa da kati. A layin nan mata ke jin labarin duniya, wa aka kora daga aiki, ɗan wa aka kama a mota aka kai horon soja, ana faɗa ƙasa-ƙasa ana gyara mayafi. Yanzu kowa labarinsa na cikin tafin hannunsa, maƙwabciyarka za ta haihu sai ka gani a waya. Mu kuwa ko atishawa ka yi a gidanka, kafin azahar an zo yi maka sannu.

A wannan layin ne ƙawata Batula, 'yar mai gasa naman agashe ta bayan gidanmu, ta raɗa mini cewa wasu likitocin ido daga waje za su buɗe asibiti a gefen birnin Umdurman, can tsallaken kogi, kuma suna neman 'yan mata masu Larabci da Hausa da ɗan Turanci, waɗanda za su tsaya tsakanin likita da marar lafiya. Hausar ce ta ja hankalina. Tun ina makaranta ake nuna mana cewa harshen gida abin ɓoyewa ne, ka bar shi a bakin ƙofa tare da takalmi, sai ga wani wuri ana neman sa da fitila. Na gama sakandare, na zauna gida, ba abin da nake yi sai kalmasa bakin mayafai da ɗinkin hannu. Na kwana ina ganin kaina cikin farin tufa, ina riƙe da hannun tsohuwa ina gaya mata kada ta ji tsoro. Abin da ya rage mana Turanci ne, domin wanda muka yi a makaranta ya tsaya a allo, ko sunan gaisuwa ba ya fitowa daga bakinmu daidai.

Batula ce ta samo mana Ustaz. Malamin Turanci ne da sabuwar gwamnati ta sallama daga makaranta tare da wasu da yawa, ba tare da an ce ga laifinsa ba. Bahaushe ne, amma na tsofaffin gidajen Umdurman, irin waɗanda kakanninsu suka zo tun kafin Turawa, Hausarsa ma da ƙyar take tafiya sai Larabci ya tallafe ta. Yana zaune a gidan yayarsa a unguwar Alshajara, bayan garejojin nan da ake ta bugun ƙarfe, a tsakar gidan yake koyar da mu, yayar tana zaune gefe tana tsinke ganyen miya. Mutumin nan ba ya yarda a zauna. Ba littafi, ba alli. Zai watsa tabarmi da kwanoni da buta da tsofaffin takalma a tsakar gida, ya tsaya a inuwa yana ba da umarni da Turanci, mu kuma muna yi muna faɗa. Ɗauki, ajiye, rataye, cire, kunna, kashe, zauna, miƙe, juya. In ka tsaya tunani sai ya tafa hannu ya ce ka makara, marar lafiya ya riga ya faɗi. Yakan ce mana, "Ya banat, 'yan matana, Turancin da ke cikin kai guduwa yake yi idan kuka tsorata. Ni a hannu nake so in sa muku shi." Muna komawa gida da ciwon baya kamar mun yini a gona, kuma Allah ya sani tsakar gidan yayarsa ba ta taɓa yin tsaf irin na kwanakin nan ba. Mun sha yi masa tsiya a mota cewa sharar gida yake ci da mu, amma cikin 'yan makonni hannuna ya fara riga kaina ji.

Baba kuwa mai tebur ne a Kasuwar Umdurman, yana sayar da carbi da huluna da turare. Kafin nan ya yi ƙuruciyarsa duka a gonakin auduga na Jazira, ɗan ƙwadago ne a gonar wani, yana kwana a bukkokin da ake yi wa ma'aikata a bakin magudanar ruwa. Ba ya son zancen. Abin da muka sani kawai shi ne ba ya duƙawa. In carbi ya faɗi daga teburinsa, da yatsun ƙafa yake ɗauko shi ya miƙa wa hannu. Yakan ce ya gama duƙawarsa ta duniya, saura ta salla. Mun ɗauka ciwon baya ne, Inna ma har mai take shafa masa.

Wata ranar Alhamis motoci suka yi wuya saboda man fetur, ya rufe tebur da wuri ya samu wata babbar mota ta kawo shi. Ni da Batula muna tsakar gida muna bita. Ita ce Ustaz, ta ɗaure fuska ta riƙe ƙugu, ta zubar da wake a ƙasa tana ce mini "pick up, hurry up", ni kuma ina duƙe ina tsincewa muna ta dariya. Ban ji sallamarsa ba. Sai dai na ga inuwa, na ɗago na gan shi tsaye a bakin ƙofa kamar an dasa shi, jakarsa a ƙasa. Batula ta gaishe shi, ta ja mayafinta ta sulale.

"Miƙe," ya ce mini. Na miƙe, waken na hannuna. "Abin da ake koya miki ke nan a Alshajara?"

Na ce, "Shi ne, Baba. Turancin aiki ne."

"Na san ko na mene ne." Ya zauna a bakin angarib, sai na ji abin da ban taɓa ji ba, Turanci a bakin mahaifina. Ya jero su da irin nasa lafazin, fikob, hariyob, gidawut, shadab, ɗaya bayan ɗaya, ba ya ko numfashi. Ya ce akwai wani Bature mai duba gonaki, mufattish suke ce masa, yana zuwa a kan doki. Da masu gona Larabci yake yi, har da tambayar iyali. In ya juyo kan 'yan ƙwadago kuwa, bai ga dalilin wahalar da bakinsa ba, sai waɗannan guntayen kalmomi yake jefa musu daga sama yana nuni da bulala. "Da su aka kira ubana, yana da furfura, ya duƙa ya tsinci audugar da ta zube a gaban doki. Ni na bar Jazira don kada wani ya sake tsayawa a kan ɗana yana faɗa masa su. Yau in shigo gidana in tarar da 'yata a duƙe, 'yar mai agashe tana mata tsawa da su, kuna dariya."

Tausayinsa ya kama ni har idona ya kawo ruwa, ba zan ɓoye ba. Amma tausayi daban, gaskiya daban, kuma Baba in ya kafe ba mai tanƙwara shi. Inna ta gwada, ta ce, "Malam, ai asibiti ne, ba gona ba." Ya ce mata ita ba ta ga dokin ba. Washegari bayan Juma'a ya sa babbar rigarsa ya ce in kai shi wurin Ustaz. Kamar da gayya, muka tarar da wasu 'yan ajinmu suna ta naɗe tabarmi suna shimfiɗawa, Ustaz na tsaye a inuwa hannu a baya. Ni kaina da na kalle shi da idon Baba, sai na ga doki kawai ya rage masa.

Ustaz ya tarbe shi da girmamawa, ya sa aka kawo ruwa da jabana, wato gahawa. Baba bai taɓa kofin ba. Ya ce, "Ustaz, ku mutanen Umdurman kun yi karatu, mu 'yan gona ne, mun sani. Amma Turanci kashi biyu ne, akwai na ofis, akwai na bayi. 'Ya'yanku kuna koya musu na ofis. Tawa me ya sa aka zaɓa mata wannan?"

Ustaz ya ce, "La wallahi, ya Hajj. Wannan shi ne wanda suke yi a gidajensu. Da shi uwa take magana da ɗanta, da shi likita yake magana da marar lafiya. Dogon nan na takarda ba wanda yake yin sa da baki."

"Ni na ji shi da kunnena, ba a littafi ba," in ji Baba. "Na san wa ake yi wa shi."

"Ma'alesh, ka yi haƙuri, ya Hajj, mutum ɗaya ka ji, kuma mugu ne. Ka bar mini ita zuwa lokacin gwajin ɗaukar aikin."

Baba ya miƙe ya ce halas, magana ta ƙare, ya gode. Muka fito. Na biyo bayansa har gida, don a lokacinmu yarinya ba ta jayayya da ubanta a hanya, a gida ma sai ta bakin uwa. Na bi ta bakin Inna, na bi ta bakin kawuna, har limamin unguwa na sa aka yi masa magana. Duk wanda ya je sai ya dawo yana ce mini in yi haƙuri, shi ma Baban ya jero masa kalmomin nan ya ba shi labarin dokin.

Kada a ce ya hana ni karatu, Baba ba haka yake ba, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi. Da kansa ya nemo mini wani malamin, wani tsohon akawun kotu da ke zama kusa da teburinsa yana rubuta wa mutane takardun koke, kowa Afandi yake ce masa. Baba ya zaɓe shi ne saboda ya taɓa jin sa yana karanta wata takarda da Turanci har ƙarshe bai gane ko kalma ɗaya ba, ya ce to wannan shi ne na manya. Sai na koma tafiya Umdurman, mota biyu, in zauna a kan benci a bayan masu kayan yaji, barkono na shiga hanci, maƙera na buga tasa, Afandi yana biya mini dogayen kalmomi ina rerawa kamar karatun allo. Na haddace yadda ake buɗe takarda zuwa ga mai girma, da yadda ake nuna matuƙar takaici bisa jinkirin amsa, da yadda ake kasancewa bawanka mai biyayya a ƙarshe. Wannan na ƙarshen ban taɓa fassara wa Baba shi ba. Da yamma yakan sa in karanta masa, ya lumshe ido yana gyaɗa kai, ya ce wa Inna, "Kin ji ko? Ko numfashi ba ta yi. Wannan ba mai aikenta ɗebo ruwa."

Ranar gwaji muka tafi tare da Batula. Na yi zaton za a zaunar da mu a ba mu takarda. Sai wata Baturiya mai gajeren gashi, ma'aikaciyar jinya, ta shigo da wata tsohuwa makauniya ta tsayar da ita a gabana. Na buɗe baki na zuba mata gaisuwar Afandi tun daga farko har ƙarshe, ta saurara da haƙuri, ta yi murmushi, sannan ta fara magana da sauri tana nuna tsohuwar da gado da wani tire. Guntayen kalmomin nan ne, wasu na taɓa jin su a Alshajara, amma sun kwana biyu sun bar hannuna, wasu kuma bayan tafiyata aka koyar. Na tsaya ina juya su a kai ina neman ma'ana, tsohuwar na lalube a iska, har ta kusa tuntuɓe da ƙafar gado. Batula ce ta taro ta. Baturiyar ta juya gare ta ta maimaita, kafin ta rufe baki Batula ta kwantar da tsohuwar, ta cire mata mayafi, ta ɗaga mata haɓa, tana ce mata da Hausa, "Iya, dubi sama, kada ki ji tsoro." Maganar da na kwana ina shiryawa ke nan, a bakin wata. Aka ɗauki Batula. Da na gaya wa Baba, cewa ya yi ai dama baiwa suke nema, Allah ya tsare ni.

Na koma kan kalmasa mayafai, daga baya aka yi mini aure, rayuwa ta ci gaba yadda take yi. Ana nan sai yanar ido ta fara rufe wa Baba gani, har ya kai ba ya bambanta carbin sandal da na roba sai ya shinshina. Ya ƙi asibiti, ya ƙi, sai da ya faɗa rami a bakin masallaci. Ba inda ake aikin ido da sauƙi sai asibitin nan na su Batula, ni kuma na kai shi. Batula ta tarbe mu cikin farin tufa, ta durƙusa ta gaishe shi, ta shigar da mu ba layi. Likitan wani dogon Bature ne mai furfura. Da ya ce "sit down", na ji hannun Baba ya sandare a cikin nawa, ya zauna tun kafin Batula ta fassara, fuskarsa a murtuke. Sai likitan ya jawo 'yar kujera ya zauna ƙasa da shi, ya dafa masa gwiwa, ya ci gaba da guntayen kalmomin nan a hankali kamar mai lallashin yaro, dubi sama, dubi ƙasa, jingina. Takalmin Baba ya zame, mutumin ya duƙa da kansa ya ɗauko ya sa masa. Bayan an yi aikin an naɗe masa ido, ya tashi zai sauko daga gado jiri ya kwashe shi, likitan ya miƙa masa damtse ya ce "hold on", ya taka da shi har bakin ƙofa.

Muka hau motar komawa, muka haye gada. Yaron mota na ta kaɗa yatsu yana karɓar kuɗi, rana na dukan gilashi, Baba na zaune da bandeji a ido ɗaya. Can ya ce, "Abin da ya faɗa da ya ba ni hannu, me yake nufi?"

Na ce, "Cewa ya yi ka riƙe shi da kyau."

Ya ce, "Wannan ba su taɓa faɗa mana shi ba."

Da ya ji bugun ƙarfen garejoji ya gane mun iso Alshajara, sai ya ce in tsayar da mota mu sauka, yana so ya ga Ustaz, gobe in koma karatu. Na ce, "Baba, Ustaz ya tafi tun kafin azumin bara. An yi ta kiransa ana tambayarsa me yake tara mutane yana faɗa musu da harshen waje, ya gaji ya tsallaka Masar. Na gaya maka a lokacin."

Ya juyo da ɗaya idon, wanda shi ma ba gani yake sosai ba, ya ce, "To ke me ya hana ki matsa mini?"

Har ya koma ga Allah ban ba shi amsar wannan tambaya ba, domin na san in na buɗe baki ban san inda zan tsaya ba. Ina yi masa addu'a kullum, na yafe masa tun da daɗewa, amma haushin bai tafi ba, yana nan yana tashi duk lokacin da na haɗu da Batula a gidan biki mata suna ce mata daktora suna nuna mata idanunsu.

Yau da la'asar matar cikin wayar ta sake farawa. Na je na tsaya a kan jikata, da aka ce "get up" na zare matashin da ke ƙarƙashin kanta. Ta zabura ta kira ni kaka da Larabcinta, ta ce, "Habboba, me ya same ki?" Na ce ba abin da ya same ni, ta sauko ta ɗauke kofin nan, kuma ta faɗa da bakinta tana ɗauka. Ta yi tsaki ƙasa-ƙasa, ta duƙa, ta faɗa, ta ɗauka. Na ce ta mayar ta sake.